Tambaya da Amsa: Idan Fafaroma Ya Yi Murabus, Ina Ikonsa Yake Komawa?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kan batu ɗaya suke: murabus ɗin Fafaroma, da irin ikon da shugaban Cocin Katolika yake riƙe da shi. Wasu daga 'yan Katolika suka fito, wasu daga maƙwabtansu Musulmi masu son sanin yadda tsarin yake. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Tun ina yaro nake jin cewa Fafaroma ba ya barin kujera sai mutuwa ta raba. Sai ga shi a 2013 Benedict ya ce ya sauka. Dokar coci ta yarda da haka kuwa? Kuma wa ya miƙa wa takardar murabus ɗin? (Wani mai karatu daga Kafanchan)

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka taso kana ji al'ada ce. Dokar kuwa tana nan a rubuce cikin kundin dokokin Cocin Katolika na 1983, sashe na 332, sakin layi na biyu, kuma sharuɗɗa biyu kacal ta gindaya. Na farko, Fafaroma ya yi murabus ɗin da son ransa. Na biyu, ya bayyana shi yadda ba za a yi shakka ba. Sai ta ƙara da cewa ba a buƙatar amincewar kowa.

Wannan ƙarin shi ne amsar tambayarka ta biyu: babu wanda ya miƙa wa. Takardar ajiye aiki ga na gaba ake miƙa ta, shi kuwa ba shi da na gaba a tsarin cocin. Dubi bishop don ka ga bambancin. Sashe na 401 ya nemi kowane bishop mai riƙe da dayosis, wato yankin coci da yake shugabanta, ya rubuta wa Fafaroma takardar murabus idan ya cika shekara 75, amma yana nan kan kujerarsa har sai an karɓa. Kadinal John Onaiyekan ya cika 75 a Janairun 2019, bai bar kujerar Abuja ba sai a Nuwamban shekarar, lokacin da Fafaroma Francis ya karɓi murabus ɗin, Akbishop Ignatius Kaigama ya gaje shi. Fafaroma kuwa sanarwa kawai yake yi.

Benedict na 16 ya yi tasa ranar 11 ga Fabrairu, 2013, yana da shekara 85, a ƙarshen wani zama da kadinal-kadinal (manyan limaman cocin masu zaɓen Fafaroma) da aka kira kan batun ayyana wasu a matsayin waliyyai. Da harshen Latin ya karanta, shi ya sa wata 'yar jaridar kamfanin dillancin labarai na ANSA da ta iya Latin ta riga kowa fitar da labarin. Dalilin da ya bayar shi ne tsufa: ƙarfin jiki da na tunani da aikin ke buƙata ya ragu masa. Ya kuma yanke rana da sa'a, 28 ga Fabrairu, ƙarfe 8 na dare agogon Roma. Dokar ba ta tilasta masa yin magana da Latin ba, ba ta ce sai a gaban kadinal-kadinal ba, ba ta ma ce sai a rubuce ba. Ya yi duk wannan ne don toshe ƙofar gardama.

Abin da zai iya ɓata murabus yana sashe na 188: idan an yi shi saboda mummunar barazana ta zalunci, ko yaudara, ko babban kuskure kan ainihin abin da ake yi, ko cinikin muƙami. Kafin lokacin da ya yanke ya cika, yana iya janyewa. Da zarar ya cika, shi ke nan, ba zai koma kujerar ba sai in an sake zaɓensa kamar kowa.

Tambaya: A ajin koyon addini an karantar da mu cewa wanda aka naɗa Fada ya zama Fada har abada, ko da ya bar aiki. To yaya Fafaroma, wanda ya fi kowane Fada, zai wayi gari ba Fafaroma ba? (Wata malamar makaranta daga Zonkwa)

Amsa: Malama, tambayarki ita ce gindin maganar duka. Abu biyu ne ke haɗuwa a jikin Fafaroma, kuma ɗaya ne kawai yake iya ajiyewa.

Na farko shi ne naɗin ibada, wanda bishop ke yi ta ɗora hannu a kan mutum da addu'ar keɓewa. Matakansa uku ne: dikin, Fada, bishop. Koyarwar Katolika ta ce wannan naɗin yana barin alama a ruhin mutum wadda ba ta gogewa, kamar yadda ba a warware baftisma. Abin da aka koya miki ke nan, kuma daidai ne. Sai dai ki lura, matakan uku ne, babu na huɗu mai suna Fafaroma. Ta fuskar wannan naɗi, Fafaroma bishop ne kamar Bishop na Kafanchan ko na Sakkwato ko na Maraɗi, bai fi su da komai ba.

Na biyu shi ne muƙami, wato kujerar Bishop na Roma da ikon mulkin da ke tare da ita. 'Yan Katolika sun yi imani cewa Almasihu ya ba Bitrus shugabancin manzanni, suna kafa hujja da Matiyu sura 16 inda aka kira shi dutse aka ba shi mabuɗai, da Yahaya sura 21 inda aka ce ya yi kiwon tumaki. Sun kuma yi imani cewa Bitrus ya mutu a Roma, don haka duk wanda ya zama Bishop na Roma shi ne magajinsa. Mutum ba ya zama Fafaroma sannan a ba shi Roma. Zamansa Bishop na Roma shi ne Fafaromancin. (Shi ya sa majami'ar da kujerarsa ta bishop take ba ta Waliyyi Bitrus ba ce da ake nunawa a talabijin, ta Waliyyi Yahaya ce da ke Lateran, a cikin birnin.)

Yadda ake samun muƙamin ya nuna yadda ake rabuwa da shi. Sashe na 332, sakin layi na farko, ya ce ikon yana hawa kan mutum ne da ya amince da halastaccen zaɓen da aka yi masa, muddin shi bishop ne. Ana tambayarsa ko ya karɓa, yana cewa ya karɓa, daga wannan daƙiƙar shi ne Fafaroma. Bikin da ake yi bayan kwanaki a dandali bai ƙara masa komai ba. Idan wanda aka zaɓa ba bishop ba ne, nan take ake naɗa shi bishop kafin a sanar da duniya. Rabon da a zaɓi wanda ba bishop ba tun 1831, lokacin da aka zaɓi Gregory na 16. Abin da aka shiga da amincewa, ana iya fita daga cikinsa da janye amincewar.

Saboda haka bayan ƙarfe 8 na daren nan, Benedict ya ci gaba da zama bishop, yana iya jagorantar Mas, wato babbar sujadar Katolika, yana iya sauraron masu furta zunubi. Amma ba ya iya naɗa ko da bishop ɗaya a kan dayosis, ba ya iya kafa doka ko soke ta, ba ya iya ba wani kadinal umarni. Ikon bai bi shi gida ba, bai kuma koma hannun kadinal-kadinal ba. Ya tsaya ne a kujerar har a sami mai hawa.

Tambaya: Ni Musulmi ne, amma abin yana ba ni sha'awa. A nan mun ga an tuɓe sarakuna, mun ga waɗanda aka ce sun yi murabus alhali matsa musu aka yi. Shin akwai majalisa ko kotu da za ta iya tsige Fafaroma idan ya yi ba daidai ba, ko idan ciwo ya gusar masa da hankali? (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

Amsa: Alhaji, misalan da ka tuna suna da amfani. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus a 1963 bayan binciken gwamnatin Jihar Arewa, ya koma Azare. Gwamnatin soja ta cire Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996. A duka biyun akwai wata hukuma a saman sarautar. A dokar Katolika babu irinta. Sashe na 1404 gajere ne ƙwarai: babu mai yi wa kujera ta farko, wato ta Fafaroma, shari'a. Sashe na 333 ya ce ba a ɗaukaka ƙara kan hukuncin Fafaroma. Kadinal-kadinal su suke zaɓensa, amma ba su da ikon cire shi, domin a fahimtar cocin su mutumin kawai suke nunawa, ikon daga Allah yake.

Wannan a takarda ke nan. A tarihi an sha yin ƙarfa-ƙarfa. A 1046 sarkin Jamus Henry na uku ya kira taro a Sutri, aka kawar da masu iƙirarin kujerar aka kawo wani. Mafi girma shi ne rikicin da ya fara a 1378, lokacin da kadinal-kadinal suka zaɓi Urban na 6, daga baya suka ce tsoron 'yan zanga-zangar Roma ne ya sa su, suka zaɓi wani da ya tare a Avignon ta Faransa. A 1409 aka yi taro a Pisa don a cire duka biyun a naɗa ɗaya. Biyun suka ƙi sauka, aka wayi gari da uku. Babban taron Konstans, wanda aka fara a 1414, shi ya warware: ya tuɓe biyu, shi kuma Gregory na 12 na ɓangaren Roma ya yi murabus ranar 4 ga Yuli, 1415, bayan an bar wakilinsa ya fara karanta takardar da ke cewa shi ne ya kira taron. Wannan ɗan sharaɗin ba ƙaramin abu ba ne. Da shi Roma ke cewa halastaccen Fafaroma sauka ya yi da kansa, waɗanda aka tuɓe kuwa dama can ba na gaskiya ba ne. Masana tarihi har yau suna ja-in-ja kan wannan fassarar, domin taron ya fitar da wata doka a Afrilun 1415 da ke cewa kowa, har Fafaroma, dole ya yi masa biyayya kan sha'anin imani da haɗa kan coci. Daga baya Roma ta ƙi wannan ra'ayi, taron Vatikan na farko ya rufe ƙofarsa a 1870.

Malaman tauhidin Katolika, irin su Robert Bellarmine, sun tattauna abin da zai faru idan Fafaroma ya fito fili ya ƙaryata wani ginshiƙin imani. Wasu suka ce ya fitar da kansa daga muƙamin ke nan. Amma babu wata hanya a doka da ta faɗi wanda zai tabbatar da hakan, kuma masu yanke wannan hukunci da kansu su ne ke ƙarewa a waje. Akbishop Carlo Maria Viganò, tsohon jakadan Vatikan a Amurka, ya nemi Francis ya sauka a 2018, daga baya ya ce bai yarda shi Fafaroma ne ba. A Yulin 2024 aka sanar cewa an yanke shi daga tarayyar coci.

Rabin tambayarka na biyu shi ne inda gizo ke saƙa, kuma a ganinmu nan ne babban giɓin tsarin. Sashe na 335 ya ce idan kujerar ta zama babu kowa, ko mai ita ya kasa aiki ɗungurungum, kada a sauya komai a mulkin coci, a bi dokoki na musamman. Dokar mutuwa da murabus tana nan. Ta gazawa ba a taɓa fitar da ita ba. Murabus kuma yana buƙatar mai hankalin kansa, don haka wanda ya faɗa dogon suma ba zai iya yi ba, wani kuma ba zai yi masa ba. Fafaroma da dama sun nemi mafita ta rubuta takarda tun suna da lafiya. Paul na 6 ya rubuta tasa a 1965. John Paul na 2 ma ya rubuta. Francis ya faɗa wa wata jaridar Sifaniya a Disamban 2022 cewa tun farkon mulkinsa ya sa hannu a irinta, ya ba Kadinal Tarcisio Bertone. Ba a taɓa amfani da ko ɗaya ba. Kuma tsugune ba ta ƙare ba, domin dole wani ya yanke cewa lokacin buɗe takardar ya yi, wannan wanin kuwa, likita ne ko kadinal, ya zama mai hukunci kan wanda doka ta ce ba a yi masa hukunci.

Tambaya: Kafin Benedict, su wa suka taɓa sauka? (Wani ɗalibi daga Jos)

Amsa: Ba su da yawa, kuma ba a yarda kan adadi ɗaya ba, saboda a wasu tsofaffin labaran da wuya a rarrabe murabus da kora. Na farko da aka tabbatar shi ne Pontian, a shekara ta 235. Sarkin Rum ya tura shi aikin haƙar ma'adinai a tsibirin Sardiniya, ya san ba zai dawo ba, ya sauka don a zaɓi wani. Benedict na 9 ya bar kujerar a 1045 bayan an ba shi kuɗi, abin kunyar da ya kai ga taron Sutri. Gregory na 12 mun ambace shi a sama.

Wanda ya fi kama da na 2013 shi ne Celestine na 5. Tsoho ne mai zaman kaɗaici a kan dutse, sunansa Pietro na Morrone. Kadinal-kadinal sun shafe fiye da shekara biyu sun kasa zaɓe, sai suka ɗauko shi a Yulin 1294. Bai san mulki ba, sarkin Naples ya riƙa juya shi, al'amuran ofis suka dagule. Bayan wata biyar ya nemi shawarar masana doka, ya fitar da hukuncin cewa Fafaroma na iya murabus, sannan ya yi nasa ranar 13 ga Disamba. Magajinsa Boniface na 8 ya shigar da hukuncin cikin kundin doka a 1298, daga nan dokar yau ta samo tushe. Amma tsohon bai sami komawa dutsensa ba. Boniface ya ji tsoron abokan gaba su fake da shi su ce har yanzu shi ne Fafaroma, ya sa aka tsare shi a gidan sarauta na Fumone, inda ya rasu a 1296. Tsoron ba na banza ba ne, domin a shekarar da ta biyo baya kadinal biyu 'yan gidan Colonna sun fito suna cewa murabus ɗin bai halasta ba. A 2009 Benedict na 16 ya ziyarci kabarin Celestine a L'Aquila bayan girgizar ƙasa, ya ajiye masa wani ƙyallen wuya na ulu da ke alamta muƙaminsa. Sai bayan shekara huɗu mutane suka tuna da wannan.

Tambaya: Na ji ana cewa 'yan Katolika sun ɗauki Fafaroma ma'asumi ne. In haka ne, bayan ya sauka isimar ta tafi ke nan? (Wani malami daga Zariya)

Amsa: Malam, kalmar ma'asumi ta fi abin da suke nufi faɗi. Ba su ce ba ya zunubi ba. Shi ma yana durƙusawa gaban wani Fada ya furta laifinsa, an ga Francis ya yi haka a bainar jama'a a 2014. Ba su kuma ce hirarsa da 'yan jarida ko ra'ayinsa kan siyasa ko wa'azinsa na Lahadi ba sa kuskure ba. Abin da taron Vatikan na farko ya zartar ranar 18 ga Yuli, 1870 yana da iyaka: idan ya yi magana a matsayinsa na makiyayi kuma malamin dukan Kirista, kan batun imani ko ɗabi'a, yana yanke hukunci na ƙarshe da ya wajaba kan cocin duka, to Allah yana kare wannan hukuncin daga kuskure. In sharaɗi ɗaya ya faɗi, maganar ba ta shiga ba. Tun daga 1870, sau ɗaya aka yi amfani da wannan a fili ba tare da gardama ba, ranar 1 ga Nuwamba, 1950, lokacin da Pius na 12 ya ayyana cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama da jikinta da ruhinta. Cocin Orthodox da na Furotesta ba su yarda da wannan koyarwa ba, tana cikin manyan abubuwan da suka raba su da Roma.

Tunda kariyar ta muƙami ce, wanda ya sauka ba shi da ita. Kuma ikon, duk girmansa, bai kai ga sauya abin da cocin ya ɗauka wahayi ne ba. A 1994 John Paul na 2 ya rubuta cewa coci ba shi da ikon naɗa mata Fada. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, hujjar da ya kawo ita ce hannunsa bai kai nan ba.

Tambaya: Wani ya turo mini saƙo a WhatsApp cewa Benedict bai sauka da gaske ba, wai ya yi wayo da kalmomin Latin, don haka Francis bai taɓa zama Fafaroma ba. Mene ne gaskiya? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: 'Yar'uwa, maganar ba ta da ƙafa, amma ga inda ta fito. Dokar ta yi amfani da kalmar munus, wato muƙami. A jimlar da Benedict ya sauka ya ce ya ajiye ministerium, wato hidima. Masu wannan ra'ayi suka ce hidimar ya bari, muƙamin yana hannunsa. Amsa uku ce. Dokar ba ta tanadi wata kalma da dole a furta ba. A cikin jimlar kanta ya ce kujerar Roma, kujerar Bitrus, za ta zama babu kowa, kuma a kira taron zaɓen sabon Fafaroma. Sannan a ranarsa ta ƙarshe ya yi wa wanda za a zaɓa alkawarin girmamawa da biyayya ba tare da sharaɗi ba. Masu cewa matsa masa aka yi suna nuni da badaƙalar 2012, lokacin da hadiminsa ya kwashi takardun sirri ya ba ɗan jarida. Shi da kansa ya rubuta wa wani ɗan jaridar Italiya a 2014 cewa babu shakka ko kaɗan kan ingancin murabus ɗinsa, ya kuma ci gaba da cewa Fafaroma ɗaya ne har ya rasu ranar 31 ga Disamba, 2022.

Sai dai a faɗi gaskiya, yadda aka tsara zamansa ya ba jita-jita abinci. Ya riƙe sunan Benedict, ana kiransa Fafaroma mai ritaya, ya ci gaba da sa farar riga, ya zauna a wani gida cikin lambun Vatikan kusan shekara goma. An soke zoben muƙaminsa, ya daina sa jan takalmi da ƙaramar alkyabbar kafaɗa, amma mai kallon hoto fararen riguna biyu yake gani. Gregory na 12 da ya sauka, kadinal ya koma. A 2016 sakataren Benedict, Akbishop Georg Gänswein, ya yi wani jawabi kan hidimar Bitrus da aka faɗaɗa, ɗaya na aiki ɗaya na addu'a, abin da ya ƙara ruɗa mutane. A Janairun 2020 kuma aka yi ta cece-kuce da sunan Benedict ya fito tare da na Kadinal Robert Sarah na Gini a kan wani littafi game da rashin auren Fada, daidai lokacin da Francis ke nazarin batun. Ba a sarki biyu zamani ɗaya, kuma har yanzu babu dokar da ta faɗi sunan wanda ya sauka, da tufafinsa, da mazauninsa. Francis ya ce da zai sauka, Bishop na Roma mai ritaya za a kira shi, kuma ba zai zauna a Vatikan ba. Bai sauka ba, ya rasu a kan kujera ranar 21 ga Afrilu, 2025.

Tambaya: Daga saukarsa zuwa zaɓen sabo, wa ke riƙe da coci, kuma yaya ake zaɓen? (Wani mai karatu daga Yamai)

Amsa: Dokar da John Paul na 2 ya kafa a 1996 ake bi, da gyare-gyaren Benedict na 2007 da 2013. Shugabannin ma'aikatun Vatikan duk suna sauka, har da sakataren harkokin ƙasa, ban da 'yan kaɗan. Cikinsu akwai Kamalengo, kadinal mai kula da dukiya da gidaje, wanda ke rufe ɗakunan Fafaroma da hatimi. Jakadu suna nan, bishop-bishop suna nan a dayosis ɗinsu. Kadinal-kadinal suna zama kullum kan al'amuran yau da gobe, amma ba sa naɗa bishop, ba sa taɓa doka.

Ana jira kwana 15, kada ya wuce 20. In mutuwa ce, kwana tara na makoki suna ciki. Da yake murabus ba shi da jana'iza, Benedict ya ba da damar a fara da wuri idan masu zaɓe sun hallara. Masu zaɓe su ne kadinal-kadinal da ba su cika 80 ba kafin ranar da kujera ta zama babu kowa. A nan ranar da Benedict ya yanke ta yi aiki: Kadinal Lubomyr Husar na Yukren ya cika 80 ranar 26 ga Fabrairu, ya rasa ƙuri'a da kwana biyu, Kadinal Walter Kasper na Jamus ya cika ranar 5 ga Maris, ya shiga.

A majami'ar Sistine da ke Vatikan ake kulle su yayin jefa ƙuri'a, babu waya, babu jarida, bayan rantsuwar riƙe sirri. Ranar farko ƙuri'a ɗaya, daga nan biyu da safe biyu da yamma. Kowa ya rubuta suna ɗaya yana ɓad da rubutun hannunsa, ya ninke, ya kai gaban bagadi. Ana fara ƙirga takardun kafin a buɗe. In adadinsu bai yi daidai da na masu zaɓe ba, a ƙone duka a sake. Ana buƙatar kashi biyu cikin uku: 77 cikin 115 a 2013, 89 cikin 133 a 2025. In kwana uku suka wuce babu sakamako, a huta a yi addu'a. In an kai ƙuri'a talatin da 'yan kai, sai a tsaya kan mutum biyu mafi rinjaye, su ba sa jefawa, kuma kashi biyu cikin ukun yana nan. Bayan ƙuri'a ana ƙone takardun: baƙin hayaƙi na nufin ba a samu ba, fari an samu. Da can launin yakan rikita jama'a, shi ya sa tun 2005 ake ƙara sinadari a murhu na biyu, a kuma kaɗa ƙararrawa. Francis ya fito a ƙuri'a ta biyar ranar 13 ga Maris, 2013, Leo na 14 a ta huɗu ranar 8 ga Mayu, 2025.

Babu gwamnatin da ake kai wa suna ta sa hannu. Da can wasu sarakunan Turai na iya hana a zaɓi wani. Na ƙarshe shi ne sarkin Ostiriya, da ya tare Kadinal Rampolla a 1903. Pius na 10 da aka zaɓa ya haramta hakan a 1904.

Tambaya: Duk wannan iko, yana isowa dayosis ɗinmu a zahiri, ko a Roma yake tsayawa? (Wani katikis daga Yola)

Amsa: Baba, a doka yana isowa kai tsaye. Sashe na 331 ya ce ikon cikakke ne, ya game ko'ina, ba ya buƙatar izinin wani a tsakani. Amma taron Vatikan na biyu ya ƙara da cewa bishop ba wakilin Fafaroma ba ne a dayosis ɗinsa, nasa ikon yake da shi daga naɗinsa, kuma dukansu tare da Fafaroma ƙungiya ɗaya ce. Yadda abin ke kasancewa a ƙasa, Ahiara ta jihar Imo ta nuna shi. A Disamban 2012 Benedict ya naɗa Peter Okpaleke, ɗan jihar Anambara, bishop na can. Yawancin limaman cocin da jama'ar yankin, wato Mbaise, suka ƙi, suna cewa an tsallake 'ya'yansu. Sai a wajen dayosis ɗin aka yi bikin naɗinsa a 2013, bai kuma sami shiga ba. Aka ba Kadinal Onaiyekan riƙon ƙwarya. A Yunin 2017 Francis ya ba kowane Fada na Ahiara kwana 30 ya rubuto takardar neman gafara da alkawarin biyayya, in ba haka ba a dakatar da shi. Da yawa suka rubuta, wasu suna ƙarawa da cewa har yanzu aiki da bishop ɗin zai yi musu wuya. A Fabrairun 2018 Okpaleke ya miƙa murabus, Francis ya karɓa, bai kuma hukunta kowa ba. A 2020 ya ƙirƙiro dayosis ɗin Ekwulobia ya ba shi, a Agustan 2022 ya naɗa shi kadinal. Da aka kulle ƙofar Sistine a Mayun 2025, sauran kadinal-kadinal 'yan Najeriya, Arinze da Okogie da Onaiyekan, duk sun haura 80, Okpaleke ne kaɗai ɗan Najeriya da ya jefa ƙuri'a.